Alwashi da Ciyarwa a Tsibiran Azores: Ciniki da Ubangiji ko Ibada?

Tsibiran Azores tara ne, a warwatse a tsakiyar Tekun Atilantika, kimanin kilomita 1,500 yamma da birnin Lisbon. Yanki ne na ƙasar Fotugal mai cin gashin kansa tun 1976. Mutanensa ba su kai dubu 250 ba, kuma fiye da rabinsu a tsibirin São Miguel suke zaune. Kusan duk ƙauyen da mutum ya shiga zai tarar da coci, ya kuma tarar da wani ɗan ƙaramin gini dabam, mai ɗaki ɗaya, an shafe shi da fenti mai ɗaukar ido, da siffar kambi ko ta kurciya a ƙololuwarsa. Sunansa império, kuma a tsibirin Terceira kaɗai akwai kimanin saba'in. Mabuɗinsa yana hannun mutanen unguwa, limamin coci ba shi da iko da shi, kuma yawancin shekara a rufe yake. Ana buɗe shi ne don bikin Ruhu Mai Tsarki, wanda ke farawa bayan Ista ya kai ƙarshensa a ranar Fentikos da Lahadin da ke bi mata. Jigon bikin shi ne cika alwashi: mutum ya yi wa Ubangiji alkawari lokacin da ya shiga ƙunci, da ya samu fita sai ya yanka shanu ya ciyar da jama'a.

A aƙidar Kirista, Ruhu Mai Tsarki shi ne na uku a cikin Triniti, saɓanin fahimtar Musulmi da ke ɗaukar Ruhul Ƙudusi a matsayin Mala'ika Jibrilu. Amma tambayar da wannan biki ke tayarwa ta wuce iyakar addini guda. Wanda ya ce idan ɗansa ya warke zai ciyar da gari, ibada yake yi ko ciniki? Kuma alherin da tsoro ya haifar, yana da daraja irin ta wanda aka yi shi da daɗin rai?

Ba za a fahimci nauyin tambayar ba sai an san irin ƙasar da mutanen ke takawa. Lokacin da jiragen ruwan Fotugal suka iso, wajen 1427, ba su tarar da kowa ba. Daga shekarun 1430 aka fara kawo mazauna, da farko Santa Maria da São Miguel, sannan Terceira da sauran. Yawancinsu manoma ne daga Fotugal, da wasu mutanen Flanders da suka zauna a Faial da São Jorge, da kuma bayi daga Afirka. Sun shuka alkama, suka noma wani ganye mai ba da shuɗin rini irin na baba da ake kai wa masaƙun Turai, daga baya lemon zaƙi da ake fitarwa Ingila ya maye gurbinsa. A yau shanun madara ne suka mamaye tuddan. Ƙasar tana da albarka, amma dutse mai aman wuta ne ya haife ta, kuma har yanzu bai mutu ba. A Oktoban 1522 girgizar ƙasa ta zaftaro tudu a kan Vila Franca do Campo, babban garin São Miguel na wancan lokaci, ta binne dubban mutane cikin dare ɗaya. A watan Yulin 1757 wata girgizar ta kashe fiye da mutum dubu a São Jorge. A 1808 narkakken dutse ya cinye cocin Urzelina a wannan tsibiri, hasumiyar ƙararrawa kaɗai ta tsira. A ranar 1 ga Janairun 1980 birnin Angra do Heroísmo ya ragargaje. Ga kuma teku, wanda a zamanin jirgin ruwa mai filafili yakan raba tsibiri da duniya wata da watanni, yakan kuma tafi da masunta ba a sake jin ɗuriyarsu.

Mutanen da ke zaune a irin wannan wuri sun yawaita alwashi, har da hukumominsu. A 1672, da dutse ya yi aman wuta a yammacin Faial, majalisar garin Horta ta yi alkawarin gudanar da bikin Ruhu Mai Tsarki da rabon sadaka kowace shekara, kuma império ɗin da ya samo asali daga wannan alkawari yana nan a garin.

Bikin kansa ba a tsibiran aka ƙirƙire shi ba. Labarin da ya fi yaɗuwa yana danganta shi da Sarauniya Isabel, matar Sarki Dinis, wadda ta rasu a 1336, aka kuma ayyana ta waliyyiya a 1625. An ce ita ta kafa al'adar a garin Alenquer, inda aka ɗora wa wani talaka kambi aka ciyar da matalauta. Wasu masana tarihin Fotugal, irin su Jaime Cortesão, suna ganin tasirin Joachim na Fiore, wani shugaban sufaye a kudancin Italiya da ya rasu a 1202. Shi ne ya raba tarihin duniya gida uku: zamanin Uba, na doka da tsoro, zamanin Ɗa, na coci da bangaskiya, sai zamanin Ruhu mai zuwa, na 'yanci da ƙauna. Majalisar coci ta Lateran ta huɗu ta yi watsi da ra'ayinsa game da Triniti a 1215, amma tunaninsa ya ci gaba da yawo a tsakanin wasu sufayen ɗariƙar Faransis, kuma 'yan wannan ɗariƙa suna cikin malaman addini na farko da suka sauka a tsibiran. Wannan alaƙa hasashen masana ce, manomin da ke ɗaukar kambi bai taɓa jin sunan Joachim ba. Abin da ya tabbata shi ne al'adar ta dusashe a yawancin Fotugal, in ban da wurare kamar Tomar, ta kuma yi saiwa a Azores.

Tsarin bikin yana bambanta daga tsibiri zuwa tsibiri, har daga ƙauye zuwa ƙauye, amma ginshiƙinsa ɗaya ne. Kowane império yana da ƙungiyar 'yan'uwa da ke kula da shi, da kambi na azurfa, da sandar mulki, da faranti da ake ɗora su, da jar tuta mai hoton kurciya. Waɗanda suka yi alwashi sukan ba da sunayensu, a jefa ƙuri'a don sanin makon da zai faɗo wa kowa. Wanda makonsa ya zo ana kiransa sarki. Ana kai kambin gidansa, a shirya masa wuri na musamman a ɗaki mafi kyau, da fararen yadudduka da furanni da kyandirori. Kowane dare maƙwabta suna taruwa a yi addu'ar carbi, kuma sau da yawa wani dattijo ko dattijuwa ne ke jan addu'ar. A Terceira, wajen ƙarshen mako ana yi wa shanun da za a yanka ado da furannin takarda, a zaga da su da kiɗa. Ranar Asabar ana raba ɗanyen nama da burodi da ruwan inabi zuwa gidajen mabuƙata da na waɗanda suka taimaka. Ranar Lahadi a yi jerin gwano zuwa coci, limami ya ɗora kambin a kan sarkin, ko a kan yaro ko yarinyar da ya zaɓa, sannan a koma cin abinci.

Abincin nan shi ne zuciyar al'amarin. Ana kiransa miyar Ruhu Mai Tsarki. Tun dare ake ɗora manyan tukwane, a dafa naman sa da ƙasusuwa da albasa da tafarnuwa da kabeji har romon ya yi kauri. Ana yanka burodin alkama wanda ya kwana ya yi tauri, a jera a manyan kwanuka, a ɗora ganyen na'ana'a, sannan a kwarara tafasasshen romo a kai, a rufe har burodin ya sha ya kumbura. A Terceira bayan miyar sai a kawo alcatra, naman sa da ake jerawa a kaskon ƙasa marar sheƙi tare da albasa da kitsen alade da ruwan inabi da kayan ƙamshi, a tura shi cikin tanderun itace ya yi sa'o'i yana dahuwa a hankali har naman ya riƙa rabuwa da kansa. Ana cin sa da massa sovada, burodi mai zaƙi da aka kwaɓa da ƙwai da madara da man shanu, wanda mata ke shafe kwanaki suna murzawa da hannu. A ƙarshe akwai shinkafa da madara da sukari, da aka zana kurciya ko kambi a kanta da garin kirfa. A Pico mata suna ɗauko burodin a manyan kwanduna a ka, a raba wa duk wanda ya tsaya a hanya. A Santa Maria akwai gini na musamman kusa da império inda ake zaunar da mutane rukuni bayan rukuni, wasu su tashi wasu su zauna, daga safe har abincin ya ƙare, ba a tambayar kowa daga ina yake.

Zargi na farko da ake yi wa wannan al'ada ya fito ne daga masu falsafa. A 1757, shekarar da São Jorge ta girgiza, David Hume ya fitar da littafinsa kan asalin addini, inda ya yi hujja cewa ɗan Adam bai fara bauta saboda nazarin tsarin halitta ba, fargaba da fata game da abin da gobe za ta kawo ne suka tura shi. Wanda ya bi wannan ra'ayi zai ga Azores a matsayin hujja a fili: ƙasa ta motsa, mutane suka tsorata, suka nemi sayen aminci da nama. Mutanen tsibiran ma ba sa ɓoye tsoron. Sukan ce ba a wasa da Ruhu Mai Tsarki, kuma akwai labarai da yawa na wanda ya yi ƙwauron san da ya yi alkawari sai san ya faɗi ya mutu, ko wanda ya jinkirta cika alwashi sai ciwon ya dawo.

Zargi na biyu daga cikin addini yake fitowa, kuma ya fi na farko kaifi. Idan Ubangiji ba ya buƙatar komai, kuma rahamarsa kyauta ce, me ake nufi da a ce masa in ka ba ni zan ba ka? Littafin Mai Wa'azi ya yi gargaɗi cewa gara mutum bai yi wa'adi ba da ya yi ya kasa cikawa. Thomas Aquinas, a ƙarni na 13, ya amsa da cewa amfanin alwashi ga mai yin sa yake komawa, domin yana ɗaure niyyarsa ga alheri, Ubangiji kuwa ba ya ƙaruwa da komai. Malaman Musulunci sun san wannan matsala sarai a babin bakance. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Ibn Umar ya nuna cewa bakance ba ya juya ƙaddara, hanya ce kawai da ake fitar da dukiya daga hannun marowaci, shi ya sa malamai da yawa suka karhanta bakance mai sharaɗi. Duk da haka Suratul Insan ta yabi masu cika bakance, ta kuma haɗa yabon da ciyar da miskini da maraya da kamamme. Addinan biyu sun tsaya a wuri kusan ɗaya: ƙulla sharaɗin abin dubawa ne, cika shi kuwa wajibi ne.

Hujjar Hume tana da ƙarfi wajen bayyana yadda alwashi ke farawa, amma ba ta kai ga bayyana siffar da ya ɗauka ba. Tsoro zai iya sa mutum ya jefa bijimi cikin ramin dutse, ko ya tara zinariya a coci, ko ya azabtar da jikinsa. A Azores ƙa'idar ita ce bashin da aka ci wa Ubangiji a cikin maƙwabci ake biyan sa. Wannan ya sauya ma'anar cinikin gaba ɗaya, domin a ciniki na gaskiya wanda ya ba da kaya shi ke karɓar kuɗi. A nan mai bin bashin bai karɓi ko loma ɗaya ba, wanda ya ci kuma bai ba da komai ba. Mutanen sukan ce abincin ba na sarkin ba ne, na Ruhu Mai Tsarki ne, sarkin mai hidima ne kawai. Saboda haka talakan da ya karɓi nama ba ya sunkuyar da kai gaban mai gida, kuma mai hali ma yana karɓar burodinsa ba tare da jin kunya ba, tun da abu ne mai albarka da ba a ƙi. Sadakar da aka saba tana barin mai bayarwa a sama, mai karɓa a ƙasa. Wannan tsari ya yi ƙoƙarin cire wannan ɗaci, kuma a nan ne darajarsa take. A zamanin da iyalai da yawa ba sa ganin naman sa sai a wannan lokaci na shekara, al'amarin ya wuce alama, abinci ne da ke shiga cikin mai yunwa.

Akwai kuma abin da alwashin ke yi wa mai shi. Manomi mai shanu kaɗan yakan ware maraƙi ya yi kiwonsa shekara ɗaya ko biyu yana sane da cewa ba nasa ba ne. Ba zai iya ɗaukar nauyin bikin shi kaɗai ba, dole ya nemi dangi da maƙwabta, wannan ya kawo alkama, wancan ƙwai, wata ta zo murza burodi, shi ma ya san zai rama ranar da ƙuri'a ta faɗo musu. Tsoron da ya same shi shi kaɗai a daren da ɗansa ke kwance ya zama aikin gayya na unguwa. Ko da an yarda cewa niyyar farko ba ta kuɓuta daga son kai ba, tsawon lokacin cikawa yana horar da ita. Ana ɗaukar alkawarin da nauyi har idan mutum ya mutu bai cika ba, 'ya'yansa ne ke cika masa.

Wannan ba ya nufin al'adar ta wanku daga kowane aibi. Linjilar Matiyu ta umarci mai sadaka ya ɓoye ta, a nan kuwa ana yin ta da kiɗa da tuta da harba wutar wasa sama, kowa ya san shanu nawa wane ya yanka. Ƙofar riya a buɗe take. Masanin halayyar al'umma João Leal, wanda ya yi nazarin bukukuwan, musamman a Santa Maria, ya nuna yadda suke zama fagen neman suna, da yadda kuɗin waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka da Kanada ya ƙara girman hidimar. Idan wanda ya dawo da dala ya yanka shanu da yawa, maƙwabcinsa mai saniya biyu yana shiga matsi. Ana iya kare bayyanawar da cewa ciyar da gari ba ya yiwuwa a ɓoye, kuma ƙuri'a tana hana masu kuɗi mallake kambin. Kariya ce mai ma'ana, amma ba ta kawar da zargin duka ba.

Kambin ma yana da nasa ruɗanin. Ɗora alamar mulki a kan yaro ko talaka, a sa manyan gari su bi shi a baya, magana ce babba game da wanda ke da daraja a wurin Ubangiji. Sai dai ranar Litinin mai gona yana nan a matsayinsa, ɗan ƙodago ma haka. Tsibiran sun daɗe a ƙarƙashin tsarin da ƙasa ke hannun iyalai ƙalilan, kuma bikin bai rushe shi ba. Wasu na ganin daidaiton kwana ɗaya yana sanyaya zuciya ne kawai don a ci gaba da haƙuri da rashin daidaiton shekara. Amsar da ta fi dacewa ita ce bikin bai taɓa da'awar gyara rabon ƙasa ba, abin da ya riƙe shi ne wani fage guda da talakawa ke mulki da kansu, su zaɓi shugabanninsu, su riƙe asusunsu, su tsara ibadarsu.

Wannan 'yanci ne ya sa dangantaka da hukumar coci ta daɗe tana tsami. An kafa kujerar bishop a Angra a 1534, kuma bayan Majalisar Trent, wadda ta ƙare a 1563, cocin Katolika ta ƙara tsaurara iko a kan ibadun jama'a. Bishop bayan bishop sun yi ta fitar da umarnin taƙaita raye-raye da mawaƙan gargajiya a cikin coci da kashe kuɗi a kan ci da sha. Ba su yi nasarar kashe al'adar ba, kuma ƙungiyoyin sun ci gaba da tsare 'yancinsu. Abin da aka daidaita a kai shi ne rabon aiki: limami ya sa albarka ga nama da burodi, ya ɗora kambi, sauran kuma na jama'a ne. A ƙarƙashin wannan saɓani akwai tambayar tauhidin Kirista da ba ta tsufa: Ruhun yana sauka ne ta hannun shugabannin coci kaɗai, ko a kan taron masu bi duka? Babi na biyu na Ayyukan Manzanni, wanda ke ba da labarin Fentikos, ya ƙare ne da masu bi suna raba dukiyarsu suna cin abinci tare gida gida, kuma kowane ɓangare yana iya kafa hujja da shi.

Ƙaura ta gwada al'adar ta wata fuska. Tsakanin 1748 da 1756 dubban mutanen Azores sun tafi Santa Catarina a kudancin Birazil. A ƙarni na 19 jiragen farautar manyan dabbobin teku sun kwashi samari zuwa Massachusetts, wasu suka wuce Kalifoniya da Hawaii. Bayan aman wutar Capelinhos a Faial, daga 1957 zuwa 1958, majalisar Amurka ta yi dokar karɓar waɗanda abin ya shafa, tare da goyon bayan Sanata John Pastore da Sanata John F. Kennedy, kuma hanyar da ta buɗe ta kwashi mutane masu yawa. Kanada ma ta fara karɓarsu tun shekarun 1950. Duk inda suka sauka sun sayi kambi, sun gina zauren taro, sun ci gaba da dafa miyar. A Fall River da ke Massachusetts ana yin babban biki duk watan Agusta, a garuruwan kiwon shanu na Kalifoniya kuma ana ciyar da duk wanda ya zo kyauta, ko ya san harshen Fotugal ko bai sani ba. Yawancin waɗannan wurare ba su da dutse mai aman wuta a bayan gida, yunwar da aka baro ma babu ita, amma alwashin bai tsaya ba. Yanzu ana yin sa ne don aikin tiyata da ya yi kyau, ko ɗa da ya dawo daga yaƙi, ko don godiya kawai ba tare da sharaɗi ba. Wannan na ƙarshe ya fita daga zargin ciniki baki ɗaya, ko da yake ya shiga wani sabon zargi, cewa bikin ya koma tutar asali da abin kallon masu yawon buɗe ido.

A tsibiran kansu hukuma ta rungumi abin da bishop-bishop suka taɓa neman ragewa. A 1980 majalisar yankin ta zaɓi Litinin da ke bin Fentikos a matsayin Ranar Azores, bisa dalilin cewa wannan biki ne abin da ya haɗa dukkan tsibiran tara, daga São Miguel mai yawan jama'a har Corvo mai mutum kusan 400. A ranar ana ba da lambobin yabo na yankin, sannan shugabannin gwamnati da 'yan majalisa su zauna tare da jama'ar garin da ya karɓi baƙuncin taron a ci miyar Ruhu Mai Tsarki.